Kuɗin Janwe da Masu Karɓar Bashi a Ƙofar Shagona

Motata ta mutu a hanyar Ɗan Isa ina dawowa Maraɗi da kaya daga Jibiya, ga magariba ta kawo jiki. Makaniken da na kira ya duba, ya ce injin ya buga, sai dai a ja ta zuwa gari, kuma shi ne ya samo mana mai janwe. A gabansa muka yi ciniki da direban, muka tsaya a kan jika 25, wato sefa dubu 25, har ƙofar gareji. Na ba da jika 10 nan take, da sharaɗin zan cika sauran idan na shiga kasuwa.

Da na je cikawa sai mai janwen ya ce lissafin ya zama jika 60, domin a cewarsa akwai man komawa, akwai aikin dare, sannan akwai kuɗin kwanan mota a filinsa, alhali tun a daren aka sauke ta a garejin makanikena da ke unguwar Zariya. Na ƙi biya, shi kuma ya ƙi karɓar jika 15 ɗin da na miƙa masa.

Ba a jima ba wasu mutum biyu suka fara zuwa shagona, suna cewa an danƙa musu bashin. Lokacin da masu saye suka fi yawa suke zaɓa, babban ya zauna a kan buhun shinkafa yana kaɗa makulli, ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, mutum irinka bai kamata a riƙa yi masa sallama a kan kuɗin janwe ba." A nan na gane cewa kunyata suke so su yi ciniki da ita, don babu wata takarda a hannunsu. Da suka ce za su ɗauke motar, sai na ce, "Malam, ina hukuncin kotu, kuma wane wisiye ne ya aiko ku?" Suka dubi juna.

Wannan tambaya ba da ka na yi ta ba. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma a dokarsu ta karɓar bashi, wadda aka yi a 1998 aka sabunta a 2023, wanda yake bin ka kuɗi yana iya neman alƙali ya ba da umarnin biya, amma dole wisiye, wato jami'in da doka ta ba ikon isar da takardun kotu da zartar da hukunci, ya kawo maka takardar, kana kuma da kwana 10 ka shigar da ƙin amincewa. Ɗan aike da ba kotu ce ta turo shi ba ba shi da ikon taɓa dukiyar kowa. Abin tsoro a nan shi ne a karɓi takardar gaske a jefa ta a aljihu har wa'adin ya wuce.

Ban taɓa ce musu ba a bi na komai ba, domin ana bi na jika 15, kuma kullum da wannan nake fara magana kafin in musanta ragowar. Sun nemi in ba su "wani abu" su rage zafi, na ƙi, saboda kuɗin da aka bayar babu rasit gobe ana iya cewa somin-taɓi ne na jika 60.

Ni na kai maganar gaban mai unguwa, na tafi da makaniken da kuma saƙon murya na WhatsApp wanda direban janwen ya faɗi farashin da bakinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da muka yi, ga shaida." Mai unguwa ya tuna wa mai janwen cewa kawo hujja a kan mai da'awa yake. Ya roƙe ni in ƙara jika 5 saboda aikin dare, na amince, don gaskiya direban ya sha wahala da sarƙa a cikin duhu. Aka rubuta cewa babu sauran bashi, mai janwen da shaidu suka sa hannu, na ɗauki hoton takardar na tura wa mutanen nan biyu.