Ranar da na ƙirga ƙwayoyin maganin Baba

Wata Asabar ce a watan Satumba na 2024 na je gidan Baba a Bronx, a birnin New York na Amurka, in yi masa shara da girki, kamar yadda na saba tun bayan rasuwar Inna. Ina cikin goge teburin gefen gado sai robar maganinsa ta faɗi. Da na ɗauka na ji ta da nauyi. Na duba takardar da ke manne a jikinta, kwana 26 ke nan da karɓo ta. Ƙwaya 60 ake zubawa, ɗaya da safe ɗaya da dare, don haka ya kamata a ce saura 8. Na juye su a tafin hannuna na ƙirga, na sake ƙirgawa. Guda 34 ne.

Maganin Eliquis ne, na tsinka jini. Likita ya ɗora shi a kai ne a farkon wannan shekarar, bayan an gano zuciyarsa ba ta bugawa daidai, kuma ina zaune a wurin lokacin da ya ce masa wannan ƙwayar ce ke tsakaninsa da shanyewar ɓarin jiki, kada ya kuskura ya yi mata fashi.

Na same shi a falo da carbi a hannu, yana sauraron labarai a waya. Na durƙusa kusa da shi na buɗe hannuna.

"Baba, sau nawa kake shan wannan a rana?"

"Ina sha, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Na san kana sha. Sau nawa?"

Ya daɗe yana kallon carbinsa kafin ya ce, "Robar nan ɗaya ta haura dala 500. Idan na sha ɗaya a rana, sai ta kai ni wata biyu. Ke ma kina da 'ya'ya, ga haya a kanki."

Ban yi kuka a gabansa ba. Sai da na shiga kicin. Mutumin da ya zo ƙasar nan a 1991, ya yi tuƙin tasi, ya yi shekaru yana tsaron garejin motoci cikin sanyin da ke fasa leɓe, ya aurar da mu, ya gina wa ƙannensa ɗakuna a Kano, shi ne yake raba maganin zuciyarsa biyu a ɓoye don kada ya ɗora wa 'yarsa nauyi. Wata huɗu ya yi a haka, ina zuwa duk mako, ina tambayarsa jiki yana cewa alhamdu lillahi. A daren na saya masa robar wata guda da kuɗina, na kuma kira ofishin likitansa ranar Litinin na faɗa musu gaskiyar abin da ke faruwa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Baba yana da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi. Katin nan mai ja da fari da shuɗi yana cikin walat ɗinsa tun da ya cika shekara 65 a 2019. Ni a zatona mai wannan katin ya gama da maganar asibiti da magani. Ashe Medicare sassa ne. Sashen A na kwanciya asibiti ne, sashen B na ganin likita da gwaje-gwaje, shi kuma maganin da za ka karɓa a kantin magani ka tafi da shi gida yana ƙarƙashin sashen D, wanda bai ma fara aiki ba sai a Janairun 2006, shekara 40 bayan kafa Medicare ɗin kansa. Kuma sashen D ba ya zuwa da kansa. Kai za ka zaɓi kamfanin inshora ka yi rajista, ka riƙa biyan kuɗin wata. Baba a lokacin ƙwayar hawan jini ɗaya kawai yake sha, mai araha, sai ya ga babu dalilin biyan kuɗi kan abin da ba ya buƙata. Ban ga laifinsa ba. Da ni ce ma haka zan yi lissafi.

Wata mata da muke aiki tare ce ta ce in nemi HIICAP, masu ba tsofaffi shawara kan Medicare kyauta a jihar New York. Ba sa sayar da inshora, ba su da kamfanin da suke wa talla, kuma wannan ya fi komai kwantar mini da hankali, don a wannan lokacin na shekara wayar Baba ba ta hutawa da kiran 'yan talla. Na ɗauki hutun rabin yini muka je da jakar leda cike da robobin magani da takardun banki.

Matar da ta karɓe mu ta fara da labari mara daɗi. Duk wanda ya cancanci sashen D ya ƙi shiga, kuma ba shi da wata inshorar magani makamanciyarta, ana ɗora masa tara: kashi 1 cikin 100 na wani ƙayyadadden kuɗi kan kowane wata da ya yi jinkiri, kuma tarar tana bin sa muddin yana cikin shirin. Baba ya yi kusan shekara 5. Lissafin ya haura dala 20 a kowane wata, a kan kuɗin inshorar kanta. Na ga Baba ya fara tattara takardunsa zai miƙe.

Sai ta tambayi nawa yake samu. Fanshonsa na Social Security, hukumar fansho ta gwamnati, bai kai dala 1,900 a wata ba, kuma ba shi da wata hanyar shiga. Ta juyo mana da allon kwamfutarta. Akwai shirin gwamnatin tarayya da ake kira Extra Help, na masu ƙaramin ƙarfi. A 2024, mutum ɗaya da abin da yake samu a shekara bai wuce dala 22,590 ba, kuma ajiyarsa ba ta wuce dala 17,220 ba, ya cancanta. Ba a lissafa gidan da mutum yake ciki, ba a lissafa motarsa, kuma abin da 'ya'ya ke taimaka masa da shi na haya ko abinci ko wuta ba a ɗaukarsa a matsayin kuɗin shiga. Wanda ya samu, an yafe masa tarar nan gaba ɗaya, yana iya shiga sashen D ba sai ya jira lokacin rajista ba, kuma a wannan shekarar ba zai biya fiye da dala 4.50 kan magani na gama-gari ba, ko dala 11.20 kan mai sunan kamfani. Na sa ta maimaita. Robar da ta haura dala 500 za ta dawo dala 11.20.

Ta ƙara da cewa da a 2023 muka zo, mai samun kuɗi irin na Baba wani ɓangare na taimakon kawai zai samu. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ce ta faɗaɗa cikakken taimakon daga Janairun 2024.

A nan ne aikin gaske ya fara, kuma ba da fom aka yi shi ba. Baba ya ce shi ba zai cike ba. Ya ce bai taɓa cin kuɗin sadakar gwamnati ba tun da ya zo ƙasar nan, ba kuma zai fara da furfura ba. Mun yi mako guda muna wannan magana. Na yi lallashi, na yi fushi, na kira Yaya a Kano ya sa baki, duk a banza. Abin da ya karya masa gwiwa wani akwatin takalmi ne da ke saman drowarsa, inda yake tara takardun harajinsa shekara da shekaru, kowace shekara da robar ɗaurinta. Na sauko da shi na ajiye a gabansa.

"Baba, wa ya biya waɗannan?"

"Ni mana."

"To daga irin wannan kuɗin ake biyan maganin. Ka yi shekara 30 kana zubi. Yanzu kwasarka ta zo, ka ce ba ka so?"

Maganar adashi ce ta shige shi. Ya yi shiru, ya ɗauki takardar 1994 yana dubawa, sannan ya ce in kawo biro. Na koyi cewa tsoho mai mutunci ba a shawo kansa da lissafin ribar da zai ci. Sai ya tabbata abin haƙƙinsa ne, ba roƙo ba.

Fom ɗin na Social Security ne, a intanet muka cike shi, bai ɗauke mu awa guda ba. Tambayoyin kuɗin shiga ne da na ajiya. Bayan 'yan makonni wasiƙar amincewa ta zo. Matar HIICAP ta shigar da sunayen magungunansa ɗaya bayan ɗaya a shafin Medicare, da ƙarfin kowanne da kantin da yake karɓa, domin kowane kamfani yana da jerin magungunan da ya yarda zai biya, kuma wanda ya fi araha a ido yana iya zama babu maganinka a jerinsa. Mun zaɓi wanda Extra Help ke biyan kuɗin watansa duka.

Ita ce kuma ta lura ana cire wa Baba dala 174.70 daga fanshonsa kowane wata saboda sashen B. Ta cike mana wani fom na jiha, na shirin da ke biya wa masu ƙaramin ƙarfi wannan kuɗin. A New York ba a ma duba ajiyar mutum a wannan shirin, kuɗin shigarsa kawai ake dubawa. Da aka daina cirewa, Baba ya kira ni yana tambaya ko banki sun yi kuskure ne.

Labarin ya bazu a masallacinsu, inda dattawan Kano da Damagaram da zangon Kumasi suke zama bayan Juma'a. Mijina ya dawo yana cewa mutum uku sun tare shi. Ɗaya shi da matarsa sun haura iyakar Extra Help, sai muka tura su EPIC, shirin jihar New York na 'yan shekara 65 zuwa sama, wanda ke karɓar mai samun har dala 75,000 a shekara, ko 100,000 ga ma'aurata. Wani mai ciwon suga ne, bai san cewa tun 2023 duk mai sashen D ba ya biyan fiye da dala 35 a wata kan insulin ɗin da ke jerin kamfaninsa ba. Na ukun ɗansa ne ya ɗauko shi daga gida shekara biyu da suka wuce, kuma shi nasa daban ne: wanda bai yi aiki a nan ba sai ya cika shekara 5 a jere da takardar zama ta dindindin kafin ya iya sayen Medicare. Shi kam ban iya yi masa komai ba sai nuna wa ɗansa ofishin da zai je.

Ina ganin abin takaici ne a ce taimako irin wannan yana nan amma sai mai 'ya mai naci ne zai same shi. Daga 2025 an sa iyaka kan abin da mai sashen D zai kashe daga aljihunsa a shekara kan magungunan da ke jerinsa, dala 2,000 ce a 2025, kuma Eliquis yana cikin magunguna 10 na farko da Medicare ya yi cinikin farashinsu da kamfanoni, daga dala 521 zuwa 231 a wata, farawa daga 2026. Duk wannan alheri ne. Amma dattijon da ke zaune shi kaɗai a hawa na huɗu, wanda ke jin kunyar cewa ba shi da shi, babu dokar da za ta hau bene ta buɗe robarsa.

Abu biyu suka kusa kayar da mu daga baya. Na farko tafiya gida. Baba ya shirya zuwa Kano Babbar Sallar 2025, zai yi wata uku, kuma sashen D ba ya biyan maganin da aka saya a wajen Amurka. Sai da likita ya sake rubuta takarda ta kwana 90, muka karɓa ana saura kwana huɗu ya tashi. Na zuba su a jakar hannunsa, ba a akwati ba, na kuma sa ƙanwata a Kano ta riƙa ƙirgawa duk Juma'a.

Na biyu wasiƙa ce. A ƙarshen Satumba kowane kamfani yana aiko da takardar abin da zai canza a shekara mai zuwa. Ta Baba na tsince ta a kan firij, ba a buɗe ba, cikin tarin takardun talla. Kuɗin watan kamfaninsa zai haura abin da Extra Help ke biya. Lokacin canza kamfani daga 15 ga Oktoba ne zuwa 7 ga Disamba, muka koma wurin matar nan da jakar ledarmu, muka canza. Fom ɗin jiha ma ana sabunta shi duk shekara, na rubuta ranar a kalandar kicin ɗinsa da jan biro.

Yanzu akwai kwando a bakin ƙofarsa, duk wasiƙar da ta zo a ciki yake jefawa, in na zo Asabar mu buɗe tare. Na saya masa akwatin magani mai gida 14, safe da dare na kwana bakwai, ni nake cikawa. Makon jiya ina shiga ya miƙo mini shi tun ban ajiye jaka ba, ya ce, "Uwata, duba." Gidajen duka babu komai a ciki, sai na daren Asabar.