Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Aka Tura Mana Ƙyaure

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne a inda ƙungiyar manoman shinkafa ta ƙauyenmu, nan ƙasar Auyo, ta yarda a ajiye littafin bashi a koma kan manhajar da na rubuta. Wane ya karɓi taki buhu kaza, wane ya biya bayan girbi, duk tana riƙe da su.

Da Qt na gina ta. Ga wanda bai sani ba, Qt tarin kayan aiki ne da ake ƙera fuskar manhaja da su, wato tagogi da maɓallai da gurabun rubutu. Wani kamfani mai suna Trolltech ne ya fara ta a Norway, Nokia ta saye shi a 2008, daga baya ragamar ta koma hannun wani kamfani a Finland. Buɗaɗɗiya ce, kowa na iya ɗaukar tushen rubutunta ya karanta, ya gyara. Ko VLC da kuke kallon bidiyo da ita a kwamfuta, da Qt aka yi fuskarta.

A watan Janairun 2020 sai ga sanarwa daga kamfanin Qt. Kafin ka sauke Qt da aka riga aka harhaɗa, wato wadda aka mayar da tushen rubutunta manhajar da kwamfuta ke iya aiki da ita, sai ka yi rajista. Ƙunshin da ake girkawa ba tare da intanet ba ya zama na masu biyan kuɗi. Haka ma gyare-gyaren dogon zango, wato waɗanda ake ci gaba da yi wa tsohuwar fitowa tsawon shekaru. Wanda ke birni zai ga wannan ƙaramin abu ne. Mu da sai mun hau babur zuwa Hadeja kafin mu sami sabis mai ƙarfi, wannan ƙunshin shi ne abin dogaronmu. A filashi nake yawo da shi.

Farkon 2021 abin ya tabbata: fitowar Qt mai lamba 5.15.2 ce ta ƙarshe da muka samu a kan kari, mai bi mata sai bayan shekara aka sake ta ga kowa. Qt 6 ta fito tun Disambar 2020, amma ba ta tafiya a kan Windows 7, kwamfutocinmu kuwa na gwanjo ne.

Na je na sami Sarkin Noma bayan la'asar na yi masa bayani.

"Yanzu dai, ɗana, lissafin bashin mutane zai ɓace ke nan?"

"A'a, ranka ya daɗe, ba zai ɓace ba. Sai dai in ta sami matsala, gyaran ba zai iso mu da wuri ba."

"To, mu nawa ne masu amfani da ita a duniya? Duk babu mai iya gyarawa?"

Akwai kuwa. Jama'ar KDE, wata ƙungiyar masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja waɗanda suka ɗora aikinsu a kan Qt tun 1996, sun yi hangen nesa: a 1998 suka ƙulla yarjejeniya da Trolltech cewa in aka yi wata goma sha biyu ba a fitar da Qt ta kyauta ba, gidauniyarsu na da ikon sakinta da lasisi mai sassauci irin na BSD, wanda ke barin kowa ya yi amfani da ita kusan ba sharaɗi. Shi ya sa ƙyauren bai rufu ruf ba. A watan Afrilun 2021 kuma suka fara tattara faci, wato ƙananan gyare-gyare, na 5.15, suna zaɓo gyaran da aka yi a sabuwar suna dawo da shi cikin tsohuwar.

Ni dai ban ga laifin kamfanin gaba ɗaya ba, injiniyoyi suna cin albashi. Abin da ya dame ni shi ne mu. Buɗaɗɗiyar manhaja rijiyar gari ce, kowa na jefa guga, amma ranar yasa mutum nawa ke shiga?

Na sauko da tushen rubutun da facin KDE a Hadeja, na koyi harhaɗawa da kaina. Aiki ne mai cin sa'o'i, sai da na riƙa farawa da hantsi lokacin da sola ke da ƙarfi. Na zaunar da ƙanina da wata ɗalibata muka maimaita har suka iya ba tare da ni ba, muka ajiye kwafi a gidaje biyu saboda ambaliya. Matsalar da na gani a tsofaffin na'urorinmu kuma na rubuta rahotonta na tura.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda muka tara kuɗin sabuwar kwamfuta daga shinkafar rani.