Takardar da Kawu ya so mu sa wa hannu

Daren Juma'a ne, ina shagona na ɗinki a Shara Mansur a Makka, sai kiran matar yayana ya shigo daga Jidda. Kuka kawai nake ji. Da ƙyar na tsinci cewa mota ta buge Yaya yana tsallaka titi a wajajen Karantina, yana dawowa daga gaisuwar rasuwa. Wani bawan Allah ne ya kira 997, motar Hilal Ahmar, wato ƙungiyar agajin gaggawa, ta kai shi asibiti. Ƙafar dama ta karye wuri biyu, ƙugu ya tsage.

Kwana ukun farko ba mu nemi komai mun rasa ba. 'Yan uwa daga Hindawiyya da Misfala suka yi ta zuwa da kulolin abinci, kowa zai tafi ya cusa riyal 50 ko 100 a ƙarƙashin matashi. Na ga kuɗi sun taru, hankalina ya kwanta, ban rubuta ko riyal ɗaya ba. Kafin sati biyu sun narke a kuɗin mota tsakanin Makka da Jidda da hidimar masu dubiya. Har yau abin yana cin raina.

Rana ta huɗu mahaifin yaron da ya yi bugun ya zo. Dattijo ne mai mutunci, ya sumbaci goshin Yaya, ya ajiye ambulan ɗauke da riyal 5,000, sannan ya roƙi a sa hannu a takardar tanazul, wato a yafe haƙƙi baki ɗaya. Kawunmu, wanda ya haura shekara 40 a ƙasar nan, ya ja ni gefe.

"Ɗana, ƙaddara ce. Mu baƙi ne, ba ma shari'a da masu gida. A yafe, Allah zai ba da lada."

Yaya yana kwance, allurar kashe zafi ta ɗauke shi, duk abin da aka ce gyaɗa kai yake. Ban taɓa musa wa Kawu magana ba tun tasowata, amma ranar na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri, a bari ya dawo hayyacinsa." Ya dube ni, ya ɗauki sandarsa ya fita. Wata guda bai amsa wayata ba.

Da na bi ofisoshi na gane abin da muka kusa zubarwa. Inshorar mota dole ce a Saudiyya, kuma ita ke biyan wanda aka ji wa ciwo, ba aljihun mahaifin yaron ba. Hatsarin da babu rauni kamfanin Najm ke zuwa, amma idan an ji ciwo 'yan sandan hanya, wato Murur, ne ke rubuta rahoto, su faɗi kason laifin kowa. Da wannan rahoto da na likita ake ƙiyasta arshi, wato diyyar rauni, wadda ake aunawa daga cikakkiyar diyyar kisan kuskure, riyal 300,000 tun 2011. Yaron nan Yaya ya yafe masa har zuciya, ya faɗa masa baki da baki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar wa kamfani abincin 'ya'ya uku da sunan yafiya, alhali Yaya bai san ma me yake sa wa hannu ba.

Sai dai kuɗin inshora ba gobe suke fitowa ba, kuma wahalar gaske sai da aka sallame shi ta fara. Masu dubiya sun ɗauke ƙafa, ba don mugunta ba, kowa da nasa nauyin. Dokar ƙwadago ta ba marar lafiya cikakken albashi na kwana 30, sannan kashi uku cikin huɗu na kwana 60, sannan kwana 30 babu ko halala. Kuɗin murafiƙin kuwa, wanda aka fara karɓa a 2017, riyal 400 ne a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, kuma bai san karaya ba: mata da yara uku, riyal 1,600. Ga haya ta zo. Na je na tambayi Ta'aminat, hukumar inshorar ma'aikata, domin suna biyan baƙon ma'aikaci idan ya ji rauni a wurin aiki ko a hanyarsa ta zuwa da dawowa, amma Yaya daga ta'aziyya yake, bai shiga ba. Inshorar lafiyarsa ta biya aikin ƙafar, gashin ƙashi kuwa zama kaɗan ta ɗauka, sauran mu muka biya.

Cikin ruɗewa na tura lambar asusuna a WhatsApp ina neman taimako. Ba a yi awa ɗaya ba wani abokina ya kira: "Malam, goge yanzu!" Tara gudummawa daga jama'a ba tare da izini ba laifi ne a nan, hanyar da hukuma ta yarda da ita ƙungiyoyi ne masu lasisi da manhajar Ihsan da aka buɗe a 2021. Na goge, jikina na rawa.

Adashe ne ya riƙe mu, wanda Larabawa ke kira jam'iyya. Mu goma ne, riyal 500 kowane wata. Na ba da kwasata, wani maƙwabcina ya ce a ɗauki tasa ya koma ƙarshe. Daga nan na sayi littafi, duk abin da ya shigo na rubuta sunan mai shi, kyauta ce ko rance.

Akwai ranar da na miƙa wa Yaya kuɗin cefane a gaban yaransa. Ya karɓa, ya juya fuska bango, na ga kafaɗarsa tana girgiza. Mutumin da ya biya mini kuɗin koyon ɗinki! Tun daga ranar ban sake sa masa kuɗi a hannu ba. Mai gida nake biya kai tsaye, mai baƙala, wato kantin unguwa, na ce ya riƙa rubutawa ina zuwa duk ƙarshen wata, sauran kuma ta hannun matarsa.

A wata na bakwai kuɗin arshin suka fito. Yaya yana dogara sanda, muka zauna da littafin muna bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Sai matarsa ta ce akwai wanda ban rubuta ba: a watan nan da Kawu ya daina ɗaukar wayata, ya aiko mata da riyal 2,000, ya ce kada ta gaya wa kowa.

Na kai masa har gida bayan Isha'i. Ya tura mini ambulan ɗin da bakin sandarsa, ya tambaye ni ƙafar Yaya, ya ce a zubo mini shayi.