Abin da kumburin cikin ido ke yi wa bayan gilashin ido

In mutum ya zo da jan ido ɗaya, haske na damunsa, ba kwantsa, ba na yarda Afolo ne. Nakan zaunar da shi gaban fitilar duba ido, in matse hasken ya zama siriri, in leƙa bayan gilashin ido, wato tantanin nan garai-garai da ke rufe da baƙin ido.

A can akwai shimfiɗar ƙwayoyin halitta, layi ɗaya tak, masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Aikinsu kwashe ruwa daga gilashin, mai kaurin rabin milimita, don kada ya yi hazo. Baligi na da kamar 2,500 zuwa 3,000 a kowace murabba'in milimita. Wadda ta mutu ba a maye gurbinta. Maƙwabta ne ke buɗewa su rufe gurbin. In suka ragu zuwa wajen 500, gilashin ya kumbura, gani ya dushe.

Da cikin ido ya kumbura, fararen ƙwayoyin jini kan zubo cikin ruwan gaban ido. Ruwan yana hawa ta wajen baƙin ido mai ɗumi, ya sauko ta bayan gilashin mai sanyi, shi ya sa fararen ƙwayoyin ke manne wa bayan gilashin kamar ɗige-ɗige, suna taruwa a ƙasa, siffar dala. Siffarsu nakan karanta tun kafin gwajin jini. Manya masu maiƙo kamar kitsen rago, sai in nemi tarin fuka ko tunjere. Ƙanana da suka watsu ko'ina, a ido ɗaya, ga matsin ido ya haura 21 a ma'auninsa, sai in zargi ƙwayar cutar hafis, wata irin bairos.

Kafin kowane magani nakan ɗiga fulorisin, wani rini mai nuna rauni a gilashin ido. In gyambo mai rassa ya fito kore, alamar hafis ke nan, kuma in aka ɗiga sitiroid, maganin kwantar da kumburi, shi kaɗai, zai faɗaɗa gyambon. Wannan na yawan faruwa ga wanda ya sayi ɗigo a kemis. In babu, sai ɗigon sitiroid mai suna firednisolon, kashi 1 cikin 100, da farko kowace awa, a girgiza kwalbar sosai, domin maganin kwanciya yake a ƙasa. Sai ɗigon atirofin don kada baƙin ido ya manne da abin da ke bayansa. Mai hafis ina ƙara masa asikulobiya, maganin ƙwayar hafis.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne janye maganin. Ja ya tafi, mutum ya ajiye ɗigo a kwana 5, kumburin ya dawo, kowace dawowa kuma da asarar ƙwayoyin bayan gilashin. Nakan rage a hankali cikin makonni, ina auna matsi a kowace zuwa, don sitiroid kansa yana ɗaga shi ga wasu.

Mai yanar ido kuwa ba na tura shi tiyata sai ido ya yi wata 3 lafiya lau, kuma inda akwai na'urar ƙidayar ƙwayoyin, sai an ƙirga tukuna.