Na yanka shaddar mutane kafin in lissafa wuya

Har yau in na tuna jajiberin ƙaramar sallar 2024 sai gabana ya faɗi. Mutane tsaye a ƙofar shago tun bayan la'asar, wani dattijo riƙe da hannun jikokinsa biyu, ni kuwa ina ciki a tsakanin tarin shadda yankakka wadda ba ta zama riga ba.

Tun a Sha'aban na fara shiri, a ganina. Na ƙaro kekunan ɗinki biyu, na ɗauko teloli biyu daga unguwarmu, muka zama shida. Na lissafa kowa zai haɗa kaya uku a rana, sha takwas ke nan, sai na saki jiki ina karɓar aiki da kafin alƙalami. Kafin goma ga azumi kaya 350 ne a littafina.

Abin da ban lissafa ba shi ne injin aikin wuya. Guda ɗaya gare ni, kuma kusan duk kaftanin da aka kawo sai ya bi ta kansa. In wuta ta zauna, in zare bai tsinke ba, wuya takwas yake fitarwa a rana. Takwas sau talatin 240 ne. Wannan lissafi yaron firamare zai yi shi, amma ni ban yi ba, don idona yana kan teloli, su nake gani suna aiki, su nake biya. Kuma ma takwas ɗin bai samu ba. Zafin watan Maris ne, wuta ba ta zama, litar fetur ta haura naira 600 tun bayan cire tallafi a 2023, ina tayar da janareta ina ƙirga kuɗi. Sannan duk wanda ya fi matsa mini a waya nasa nake sawa a gaba, sai a kwance zare ruwan toka a ɗaura ruwan ƙasa, a sake zane, a sake saita firam ɗin da ke riƙe yadi a kan injin. Rabin yini a canje-canje yake tafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yankan. Don kada teloli su zauna haka, na ce a yi ta yanka. Da shaddar tana nan a ninke, da ranar ashirin ga azumi na kira masu ita na ba su haƙuri su kai wani wuri. Amma wa zai karɓi Getzner ɗin da mutum ya sayo da tsada a Kantin Kwari bayan almakashi ya shige ta? Na ɗaure kaina, na ɗaure su. Kaya fiye da ɗari ne ba su fita ba sai bayan salla.

Kawuna, wanda a hannunsa na koyi ɗinki, ya zo ya duba tarin ya ce, "Ɗana, ka faɗaɗa ɗaki ka bar ƙofa yadda take." Kuɗin kekuna biyun nan da na haɗa su na ba wani mai injin ya riƙa yi mini wuya, da ban ji kunya ba.

A azumin 2025 daga injin na fara lissafi. Shida a rana na rubuta masa, ba takwas ba, don ranar da wuta za ta ƙi. Da adadin ya cika na rufe karɓar mai aikin wuya, sai dai ɗinki zalla. Wani Alhaji da muka daɗe tare ya yi fushi, na ce, "Ranka ya daɗe, gara ka yi fushi yau da ka yi ranar idi." Ana fara yanka gaban riga ne kawai a kai wa injin, sauran sai an ga wuya ya fito. Muna tara masu zare iri ɗaya a yi su jere. Zaren ma tun Sha'aban na saye shi. Mai kula da injin shi ake fara kai wa buɗa-baki, kuma an samu mai canjinsa da dare.

Kaya 210 muka yi, duka suka fita kwana biyu kafin salla. Dattijon nan mai jikoki dai bai dawo ba, na ga yaran da ɗinkin wani a filin idi.