Zangon ƙarshe: aikin rufe gidan da aka daɗe ana dariya a cikinsa

Wasan barkwanci na iyali, irin wanda tashoshin Amurka ke haskawa minti 22 duk mako, a kan doka ɗaya aka gina shi: kafin kashi ya ƙare, kowa ya koma inda yake. Suruka ta ci gaba da shisshigi, miji ya ci gaba da zille wa magana, babban wa ya ci gaba da kishin ƙaninsa. Shi kuwa zangon ƙarshe, mai kallo yana zaune yana jiran wani abu ya faru. Wahalar aikin a tsakanin nan take, kuma abin da wannan sana'a ke koya wa marubuci shi ne canjin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba.

A duba Everybody Loves Raymond, wanda tashar CBS ta haska daga 1996 zuwa 16 ga Mayu 2005, zango tara, kashi 210. Zangon ƙarshe kashi 16 ne kacal, alhali babu zangon baya da ya gaza 22. Philip Rosenthal, wanda ya ƙirƙiri shirin, daga rigingimun gidajen marubutansa yake samo labarai, kuma bai ɓoye ba cewa labaran sun ƙare. Tsarin da ya kamata ke nan: a fara ƙirga labarai, sannan a tattauna yawan kashi da tasha. Kowane labari a rubuta shi a kati ɗaya, layi ɗaya: wa ke neman me, a hannun wa. Wanda aka taɓa yi da wata riga a cire shi. Abin da ya rage a allo shi ne tsawon zangon. In aka fara karɓar kashi 24 sannan aka shiga neman abin cikewa, a nan ake ganin tafiye-tafiyen hutu marasa dalili da baƙin taurari da ba su da alaƙa da gidan.

Kashin ƙarshe na Raymond bai wuce rabin awa ba. Ray, jarumin shirin, ya je asibiti a yi masa 'yar ƙaramar tiyata a maƙogwaro. Ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce ana fama wajen farkar da shi daga allurar barci. Na kamar daƙiƙa talatin matarsa Debra da wansa Robert da mahaifinsa Frank suka tsaya cirko-cirko, sai likita ya zo ya ce ya farka. Mahaifiyarsa Marie tana banɗaki a lokacin, aka ɓoye mata, kuma ɓoyon ne ya haifar da dariyar sauran kashin, har ta ji labari cikin dare ta faɗo kan gadon ɗanta da matarsa. Aka rufe da iyali a cunkushe a teburin kicin ana gardama. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya yi ƙaura. An nuna wa mai kallo rashi na ɗan lokaci aka janye, kuma mutum kusan miliyan 33 suka kalla.

Roseanne ta bi ɗaya hanyar a zangonta na tara, 1996 zuwa 1997. Shiri ne da aka so shi saboda iyalin Conner talakawa ne masu fama da kuɗin wuta da na gida, sai aka sa suka ci cacar dala miliyan 108. Daga nan rigimar da ke tuƙa shirin ta mutu, don ba sauran abin da za a rasa. A kashin ƙarshe kuma aka ce cacar ƙage ce da matar gidan ta rubuta, mijinta Dan ma ya riga ya rasu da ciwon zuciya. Da aka dawo da shirin a 2018, sai da aka tashi Dan ɗin aka yi kamar ba a yi ba. Kuskuren ba ƙarfin hali ba ne. An taɓa ginshiƙin da ɗakin ke tsaye a kai ne.

Ana iya watsa iyali a ƙarshe, amma sai an tanadi lokaci. Modern Family ta san tun Fabrairun 2019 cewa zango na 11 ne na ƙarshe, tana da kashi 18 da gida uku. Duk da haka, Mitchell da Cam, masu ɗaya daga cikin gidajen ukun, sun koma sabon gida, sun ɗauki jariri riƙo, sannan sun tattara zuwa Missouri, kusan duka a ƙurarren lokaci, Alex, 'yar wani gidan daga cikinsu, kuma ta nufi Suwizalan. A ganinmu kayan sun yi wa kashin ƙarshe yawa. Ƙaura ɗaya tana son a shuka ta tun farkon zango, a taɓo ta a tsakiya, a bar wa wanda za a bari kashi guda na fushinsa.

Sai maganar yara. Yaron da aka ɗauka yana shekara shida ya zama saurayi, barkwancin da aka gina a kansa ya daina aiki, sai furodusa ya ce a kawo sabon yaro. The Brady Bunch ta kawo wani yaro mai suna Oliver a kashi shida na ƙarshe a 1974, bai ceci shirin ba, sunansa ma ya zama abin misali. Ga kuma doka: a Kalifoniya jaririn da bai kai wata shida ba minti 20 kawai zai yi aiki, awa biyu a wurin ɗauka, ɗan shekara tara zuwa 15 awa biyar a ranar makaranta, da awa uku na karatu. Shi ya sa ake neman tagwaye su taka rawar yaro ɗaya. Duk fitowar da aka rubuta da jariri a hannu, a lissafa ta a jadawali tun kafin a amince da ita.

Kuɗi ma yana rubuta labari, ko marubuci ya so ko ya ƙi. A 2003, da aka ruwaito Ray Romano, mai taka rawar Ray a Raymond, zai karɓi kusan dala miliyan 1.8 a kowane kashi, Brad Garrett, mai taka rawar Robert, ya ƙi zuwa aiki yana neman ƙarin kuɗi, dole aka cire Robert daga kashin farko na zango na takwas kafin a sasanta. A Family Matters, Jo Marie Payton ta tafi ana tsakiyar zangon ƙarshe, aka sa Judyann Elder a matsayin uwar gida, mai kallo ya ƙarasa shirin da baƙuwar fuska a kicin. Kada a fara rubuta zangon rufewa sai kwantiragin kowane babban ɗan wasa ya kai har ranar ɗauka ta ƙarshe, da 'yan kwanakin rara. Ko Raymond sai da aka ɗage ɗaukar kashinta na ƙarshe saboda muryar Patricia Heaton, mai taka rawar Debra, ta dishe. Masu shirya fina-finai masu dogon zango a Kano sun san wannan ciwon na jarumi ya ɓace ana tsakiyar labari.

Daren ɗauka yana da nasa tarkon. 'Yan wasa sun shekara da shekaru tare, hawaye zai zo, amma hawayen ɗan wasa ne, ba na mutumin da yake takawa ba. Tsoho mai taurin kai irin Frank ba ya kuka a gaban 'ya'yansa. Darakta ya bar su su yi ɗauka ta farko yadda zuciya ta so, sannan ya nemi ta biyu a bushe. Yawanci ita ake amfani da ita wajen tacewa. 'Yan kallon da ke cikin zauren kuma a wannan dare tafinsu da dariyarsu sun fi na kullum tsawo, ga minti 22 ba ya ƙaruwa. Don haka a rage shafi ɗaya ko biyu daga rubutun tun farko, kuma kada a bari kafinta ya taɓa bangon falon ko na kicin sai mai tacewa ya tabbatar babu fitowar da za a sake.