Ranar da muka je ganin fili a bayan Janguza

Asabar, cikin watan Agusta.

Na tashi yau da niyyar raka Yaya mu je mu ga filin da wani dillali ya yi masa tallarsa a kan hanyar Gwarzo, domin mun daɗe muna shawarar mu sayi filaye biyu a jere ko ma huta da zaman haya. Kafin in fita sai da na yi kusan awa guda ina jiran mai garuwa, saboda ruwan saman daren jiya ya mayar da layinmu taɓo, kurar ruwa kuwa ba ta shiga sai an taru an tura ta. Shekara 9 ke nan ina zaune a wannan gida na Rijiyar Zaki, kuma duk ruwan da muka sha a cikinsa daga rijiyar burtsatsen wani maƙwabci ya fito, a jarka, da kuɗinmu. Kano ta samu ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka gina matatar Challawa, daga baya kuma aka ƙara ta Tamburawa, sai dai gidaje sun yi wa bututu nisa tun da daɗewa, kuma kullum ƙara nisa suke yi.

Mun hau adaidaita sahu wajen ƙarfe goma. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, waɗannan babura masu ƙafa uku su ne suke ɗauke da yawancin mutanen garin nan, kuma duk wanda ya tsaya a bakin titi da safe ya ga yadda suke cika hanya, kowane da mutum uku ko huɗu, zai gane cewa gari mai yawan jama'a irin wannan manyan motocin safa yake buƙata. Mun wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, wanda a ƙuruciyarmu ake ganin sa kamar ƙarshen duniya, mun wuce Janguza, har yanzu gine-gine ba su yanke ba: shagunan siminti, wuraren buga bulo, gidajen mai, da masu sayar da rodi da kwanon rufi.

Dillalin ya tarye mu a bakin hanya, muka taka da ƙafa kamar minti ashirin cikin gonaki. Gero ya yi kai, dawa ta yi kyau, amma a tsakanin kunyoyin ana ganin ƙananan turakun siminti da aka kafa, wasu an shafa musu jan fenti. Gona ce guda ta gado da magada suka sayar, wanda ya saya kuma ya yanka ta gunduwa-gunduwa. Wannan shi ne abin da muke kira awon igiya, kuma da shi aka gina mafi yawan unguwannin da suka kewaye Kano a shekarun da na yi wayo, daga Dorayi zuwa Kurna, daga Sheka zuwa Rimin Kebe. Filin da aka nuna mana ƙafa 50 ne tsawo, ƙafa 40 faɗi. Na tambayi dillalin inda hanya take, ya nuna mini wani ɗan tsiri tsakanin turaku biyu wanda mota ɗaya za ta bi da ƙyar.

Na ce masa, "Malam, ina magudanar ruwa za ta bi, kuma ina aka ware wa makaranta da maƙabarta?"

Ya ce, "Alhaji, ai in mutane suka taru, duk wannan zai zo daga baya."

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin abin da ya faɗa shi ne abin da kowa yake faɗa, kuma shi ne aka faɗa wa waɗanda suka sayi filayen unguwar da nake zaune. Mutanen sun taru, amma magudanar ba ta zo ba, domin lokacin da aka tashi nemanta babu sauran wurin da za a haƙa ta sai an rushe katangar wani. Filin da hukuma ta tsara, mai faffaɗan titi da takardar mallaka, ya fi ƙarfin malamin makaranta irina, kuma ba a fitar da shi da yawan da zai ishi masu nema. Saboda haka talaka yake zuwa wurin mai igiya, wanda zai karɓi kuɗinsa kashi-kashi, ya ba shi takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu, ya fara aza bulo a wata mai zuwa.

Muna tsaye sai ga wani dattijo da fartanya a kafaɗa, muka gaisa. Shi ne mai gonar da ke maƙwabtaka da wadda aka yanka. Ya ce kusan kowane mako sai an zo an taya gonarsa, 'ya'yansa kuma suna matsa masa ya sayar a saya musu adaidaita sahu. Ya ce, "Ɗana, ko ban sayar ba, in gidaje suka kewaye ni awaki da yara ba za su bar mini amfanin gona ba." Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin wannan ƙasa da ke kewaye da Kano tana cikin ƙasashen da aka fi nomawa a duk Arewa, ana shuka ta kowace shekara ba hutu tun kaka da kakanni, kuma ita ce ta ciyar da birnin kafin a san motar ɗaukar kaya.

Da azahar muka juyo muka shiga cikin gari ta Ƙofar Kabuga don mu gaida Hajiya. A hanya na riƙa kallon abin da ya rage na badala, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu fiye da shekara 800 da suka wuce, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa. Waɗanda suka gina ta sun bar filayen noma masu yawa a cikinta saboda ranar da za a rufe ƙofofi, wato sun auna garin da abin da zai ci. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, wato Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso, sun haura mutum miliyan 2.8, kuma tun daga wannan shekara ba a sake ƙidaya a Najeriya ba. An taɓa yi wa Kano tsarin raya gari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma garin ya tsallake iyakokin wannan tsari tun kafin a haifi yawancin masu tuƙa adaidaita sahun yau. Jirgin ƙasa da ya iso a 1911 da cinikin gyaɗa su suka fara jawo baƙi, sai masana'antun Bompai da Sharada, sai fari na shekarun 1970 da 1980, yanzu kuma ga waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, ga 'yan ci-rani da suka daina komawa gida da damina.

Na ba Hajiya labarin filin da dattijon da muka gani. Ta ce a ƙuruciyarta da rani manoman karkara suke shigowa da jakuna da mangala, su kwashe sharar gidaje da tokar murhu da kashin awaki su kai gona a matsayin taki, wani lokaci har su bar wa masu gida ɗan abin hasafi. Sharar birni ita ce abincin gona, gonar kuma ta dawo wa birni da hatsi. Yau sharar leda ce da robar lemo, babu manomin da yake son ta, sai ta tsaya a bakin titi har ruwa ya kwashe ta ya cusa a kwata.

Kamar maganarta ce ta kira shi, wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas aka tsuge da ruwa. Cikin rabin awa lungun gidanmu ya zama rafi, yara suka fito da bokitai suna kwarfar ruwa daga zaure. A bayan gidan nan a dā akwai kududdufi da muka yi wasa a bakinsa muna yara, wanda asalinsa ramin da aka haƙi ƙasar gina gidajen unguwar ne, kuma duk ruwan lungunan nan a cikinsa yake taruwa. An cike shi da shara, aka bi da ƙasa, yanzu shaguna ne a kansa. Haka aka yi wa kududdufai da yawa a cikin birni, ruwan kuwa bai san an sayar da wurinsa ba, hanyarsa ta dā yake nema. Na tuna yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata atamfofi da yadudduka na 'yan kasuwa, aka yi ta magana kan gine-ginen da aka aza a kan hanyoyin ruwa.

Sai bayan magariba ruwan ya janye muka samu abin hawa. A hanya Yaya ya ce shi dai yana ganin mu saya, domin kuɗin haya yana ƙaruwa kowace shekara, kuma filin da muka raina yau baɗi ba za mu iya sayensa ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma ina da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu. Na roƙe shi abu guda, cewa kafin mu biya ko sisi mu nemi sauran waɗanda suka sayi filayen layin, tun babu wanda ya haƙa tushe, mu ga ko kowa zai yarda ya bar ƙafa uku daga gabansa saboda hanya da magudana, a rubuta a takarda a gaban mai unguwa. Ya ce zai yi wuya mutum ya bar ƙafa uku daga ƙafa 50 da ya saya da guminsa, amma ya amince mu gwada. Na karɓi lambar mutum biyu daga wurin dillalin ta waya, kuma gobe bayan sallar azahar in Allah ya kai mu zan fara kiran su.